Shago Mai Lamba Huɗu

Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, don haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Abin da ya faru ranar zaman hukuma nake so in ajiye a takarda tun kafin ya fara zubewa daga kaina.

Layinmu shago goma sha ɗaya ne a bayan tashar mota, duk masu aikin hannu. Akwai mai walda, akwai mai yankan gilas, mai gyaran fanka, mai ɗinkin labule, haka dai. Filin na gwamnatin birni ne, kowa da takardar izininsa. Maigidana, uban 'ya'yana, yana lamba huɗu, keken ɗinki yake gyarawa. Amma ba wanda ke kiransa da sana'arsa. Akawu suke ce masa, don shi ne mai karatun layin. Duk takardar da ta zo, ko ta wane ce, shagonsa ake kai ta, har masinjan hukuma ya san da haka. In ya same shi ya miƙa masa, in bai same shi ba ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Shi zai karanta, ya tara su ya faɗa musu abin da ke ciki, ya rubuta amsa, kowa ya dangwala yatsa. Shekara ashirin da biyu ana haka, ba a taɓa cewa takarda ta kwana biyu a hannunsa ba.

Sai wani kamfani ya nemi filin. Wai za su gina katafaren kanti mai hawa uku, da wurin ajiye motoci. Hukumar sabunta birni ta aiko cewa duk mai ƙorafi ya rubuto cikin kwana sittin, kuma za ta turo masu ƙidaya su ga shago nawa ne ke aiki a layin. In layin na da rai, ba za a taɓa shi ba.

Ranar Litinin Akawu ya rubuta ƙorafin, shafi uku, kowa ya dangwala. Ranar Talata da hantsi ya sa farar rigarsa ta fita, ya kulle shago ya tafi. Duk layin sun gan shi. Ranar Laraba da safe ya buɗe shago, ya zauna, ya faɗi daga kan kujera. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da la'asar aka rufe shi.

Mai Gilas ne ya ja ƙofar shagon a gurguje ya danna kwaɗo lokacin da ake ɗaukarsa, shi ya kawo mini makullin. Na jefa shi cikin wani gwangwanin madara a kan durowa. Wata biyar ban taɓa gwangwanin nan ba. Masu kekuna sun yi ta zuwa neman kayansu, Baba Mai Walda yana mayar da su. Shi ne dattijon layin, ya haura saba'in, idonsa ɗaya wuta ta cinye. Yakan ce musu, "Ku bar baiwar Allah nan ta huce. Keke ba ya ruɓewa." Ba wanda ya tambaye ni makulli, ko sau ɗaya. Tausayina suke ji. Ni kuma na ji daɗin da ba su tambaya ba.

Ranar zaman, Mai Labule ce ta zo ɗaukata. Shagonta lamba biyar, bango ɗaya ya raba ta da maigidana, kuma ita ta yi mini zaman jego a haihuwata ta fari.

"Tashi, 'yar uwa," ta ce. "Ke ce lamba huɗu yanzu. Zama kawai za ki yi, ba a ce ki yi magana ba."

"Ni me na sani a ciki?"

"Mu ma me muka sani? Akawu ya gama mana aiki tun yana raye. Zuwa za mu yi mu ga yadda fuskar masu kamfani za ta koma."

Haka duk suka je, da fara'a. Abin da kawai ke ba su mamaki shi ne masu ƙidaya ba su zo ba har yau. Baba har fenti ya yi wa ƙofarsa saboda su, fentin ya bushe ya fara ɓarewa.

Zauren yana hawa na biyu. Sanyin na'ura ya sa na ƙudundune cikin mayafi. A gaba dogon tebur ne, mutum biyar a zaune, a tsakiyarsu Shugaba, wata mace mai tabarau rataye da sarƙa. A gefe an ajiye ɗan samfurin ginin cikin akwatin gilas, da 'yan bishiyoyi da 'yan mutane kamar tsinken ashana. Mai Gilas ya sunkuya ya daɗe yana kallo, muka zaci ginin ne ya burge shi. Ya ɗago ya ce, "Wanda ya yanka gilas ɗin nan bai iya kusurwa ba." Muka yi dariya har sakataren hukuma ya harare mu.

Wakilin kamfanin ya fara magana. Saurayi ne mai kwat, bakinsa kamar an shafa mai. Ya faɗi yawan mutanen da za su samu aiki, ya faɗi fitilu, ya faɗi banɗaki na zamani. Baba yana ta gyaɗa kai yana murmushi, irin na wanda ya san abin da ke cikin aljihunsa.

Da ya gama, Shugaba ta juya wajen sakatare. "Ƙorafi nawa aka samu daga masu shagunan?"

"Babu ko ɗaya, ranki ya daɗe."

Na zaci ban ji daidai ba. Na dubi Mai Labule, ita ma ni take kallo.

"Mun aika musu tuni har sau uku," in ji sakataren. "Ba amsa."

Baba ya miƙe, sandarsa ta faɗi ƙasa bai kula ba. "Yaro, sake duba takardunka. Mun rubuta. Ga yatsan da na dangwala, kwana uku tawada ba ta fita ba."

"Baba, wa ya kawo?"

"Akawu."

"Wane akawu? Na wane ofis?"

"Namu!"

Wasu daga baya suka yi dariya. Shugaba ta buga tebur da bironta, ta ce dattijo ya zauna, za a ba shi dama. Sannan ta ce a nuna rahoton masu ƙidaya.

"Wace ƙidaya?" in ji Mai Gilas. "Yaushe aka zo?"

Aka kashe fitila, aka haska majigi a bango. Sai ga layinmu, babba, kamar ka tako ka shiga. Ƙofa goma sha ɗaya duk a rufe. Ba mutum ko ɗaya, ba benci a waje, ba tartsatsin walda, sai wata akuya kwance a bakin kwata. Ni kaina da na gan shi haka na ce wannan kango ne.

Mai kwat ya ce, "Ranar aiki ce, tsakiyar mako, ƙarfe uku da rabi na yamma. Ku duba da kanku."

"Ƙarya ne!" Mai Labule ta daka tsawa. "Shekarata goma sha tara a layin nan, ban taɓa rufewa ranar aiki ba. Ko ranar da na haihu ƙanwata ce ta zauna."

Ni kuwa hoton nake kallo. Idona yana kan bakin ƙofar lamba huɗu. Takalmi ne ƙafa ɗaya, baƙi, a kife. Na san shi. Ni na kai shi aka sake masa ɗinki a dunduniya. Da aka kawo mini kayansa daga asibiti ƙafa ɗaya ce a ledar, na yi ta tunanin ina ɗayar ta shiga. A kusurwar hoton kuma akwai kwanan wata da jan rubutu. Lambobi dai ba sa ba ni wuya.

Ban san na miƙe ba. Muryata ce kawai na ji tana cewa, "Ranar da muka rufe shi ke nan."

Shugaba ta ce, "Baiwar Allah, me kika ce?"

"Ƙarfe uku da rabi suna maƙabarta. Mijina suka kai. Ga takalminsa can."

Mai Labule ta riƙe bakinta da hannu biyu. Baba ya ce innalillahi, ya sake cewa, ya zauna daɓas. Mai kwat ya shiga jujjuya takardunsa. Shi ma ina jin bai sani ba. Matar da ta yi ƙidayar tana zaune a gefen bango, wata siririya da katin aiki a wuya, ta sunkuyar da kai ba ta sake ɗagowa ba.

Aka kunna fitila. Shugaba ta cire tabaranta. "Allah ya jiƙansa. Shi ne Akawun da ake faɗa?"

"Shi ne."

"Kuma kun tabbata ya kawo takardar?"

"Mun gan shi da idonmu," in ji Mai Gilas. "Ranar Talata, da farar riga."

"Kun ga ya fita. Akwai wanda ya ga shaidar karɓa? Duk takardar da ta shigo nan muna buga hatimi mu ba da kwafi."

Shekara ashirin da biyu ba a taɓa tambayar Akawu shaida ba.

"Tunin da muka aika fa, sau uku?"

Sakatare ya duba. "Masinja ya rubuta cewa ya kai inda aka saba kaiwa. Lamba huɗu."

Duk suka juyo suna kallona, ba da fushi ba, kallo kawai, irin na wanda aka tasa daga barci. Gwangwanin madaran nan ya tsaya mini a ido.

Shugaba ta dubi agogo ta ce za a tafi hutun awa ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Awa ɗaya ce, ba ƙari."

A motar Mai Gilas muka tafi, wadda yake ɗaukar kaya da ita, ni da Mai Labule a gaba, Baba a baya riƙe da ƙarfe. Muka biya gida na ɗauko makullin.

Kwaɗon ya yi tsatsa, makullin ya ƙi juyawa. Mai Gilas ya miƙo hannu zai karɓa, Baba ya ce, "Bar ta." Da na tura ƙofar sai ta cije, takardu ne suka taru a bayanta. Ambulan kusan ashirin a ƙasa, ƙura ta rufe su, uku masu tambarin hukuma. Fitila tana ci. Rediyonsa da ke jone a bango yana magana ƙasa-ƙasa, wani yana karanta sakamakon ƙwallo.

Na ja da baya. Mai Labule ta riƙe ni.

"Duk lokacin da aka kawo wuta ina jin sa ta bango," ta ce. "Wata biyar. Na kasa faɗa miki."

Kujerar tana nan a kife yadda ta faɗi. Kan tebur akwai kan keke a buɗe, sukurori a jere cikin murfin kwalba, da kofin shayinsa ya bushe ya yi baƙi. Farar rigar tana rataye a ƙusa. Na sa hannu a aljihunta don na san halinsa. Ambulan ɗin ƙorafin yana ciki, a liƙe, da adireshin hukuma da rubutunsa mai kwanciya. A bayansa kuma wani ɗan kati ne shuɗi. Katin asibiti. Kwanan watan Talatar nan ne a jiki.

Ashe ba hukuma ya je ba. Ƙirjinsa ya je a duba masa. Ya dawo gida ranar ya ci abinci, ya yi wasa da yara, ya ce mini gishiri ya yi yawa a miya, bai ce mini komai ba.

Na zauna a ƙasa cikin ƙurar nan. Baba ya tsaya a kaina, ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "'Yata, kuka yana nan yana jiranki, ba inda za shi. Waɗancan kuwa ba za su jira ba. Tashi."

Mun koma da saura minti huɗu. Na ajiye ambulan ɗin a gaban Shugaba, da ukun hukuma da ba a buɗe ba. Ta farke namu ta karanta shafi ukun a bayyane, duka. Kalmominsa ne sak. Har da inda ya ce layin nan ne asibitin kayan talaka. Ta ɗaga shafin ƙarshe kowa ya ga yatsu goma da sa hannu ɗaya.

Wani dattijo mai farin gemu a cikin biyar ɗin ya ce, "Ni dai a ganina a sake ƙidaya. Ba a auna rai da ranar mutuwa."

Lauyan hukuma ya miƙe. Ya ce yana taya mu baƙin ciki ƙwarai. Ya ce amma wa'adin ƙorafi ya wuce da wata uku, kuma tuni ya isa inda masu shagunan da kansu suka ce a riƙa kai musu takarda. In aka buɗe wannan ƙofa yau, kamfani zai kai hukuma kotu gobe, kuma zai yi nasara.

"To ku zo gobe mana ku gani!" in ji Mai Gilas. "Nisan nawa ne? Ni zan ɗauke ku a motata!"

"Doka sau ɗaya ta ce a ƙirga," in ji lauyan.

Suka yi ta ja-in-ja kusan awa. Rabin maganar ban gane ba. Na dai ga sakatare ya buga wa takardar maigidana hatimi, ya rubuta a kai cewa ta zo a makare. Daga nan Shugaba ta ce waɗanda suka yarda a ba kamfani filin su ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi. Nata da na mai farin gemu suna kan tebur.

Mai gyaran fanka ya fashe da kuka kamar yaro. Baba bai motsa ba.

Na zaci an gama. Sai Shugaba ta ce akwai sharaɗi ɗaya da ke cikin yarjejeniya tun farko. Duk shagon da masu ƙidaya suka samu yana aiki, kamfani zai ba mai shi gurbi a sabon ginin. Ta ce wa sakatare ya karanta sunayen. Daga yadda ta faɗa na san ita ma tana zaton babu kowa.

Sakatare ya buɗe shafin, ya tsaya, ya dubi matar ƙidaya. "Guda ɗaya ne, ranki ya daɗe. Lamba huɗu."

"Lamba huɗu?"

Matar ta miƙe a hankali, muryarta da ƙyar take fita. "Na ga hasken fitila ta ƙarƙashin ƙofa. Na ji rediyo. Na ƙwanƙwasa ba a amsa ba, na ce ko mai shagon ya zaga ne zai dawo. Shi ne na rubuta yana aiki."

Wani a baya ya ce, "La'ilaha illallahu." Mutum goma masu rai suna zaune a zauren, an rubuta shagunansu matattu. Mamacin ne kaɗai aka samu a bakin aiki.

Sakatare ya zagayo da takarda da biro ya tsaya a gabana. Ya ce magajiya za ta iya sa hannu, kuma yau ne, in aka tashi daga zaman shi ke nan. Na ce ba na so. Na faɗa da ƙarfi. Na ce ni na kulle ƙofar, ni na kashe layin, da wane ido zan karɓa?

"Sa hannu," in ji Baba.

"Baba, ba zan iya ba."

"'Ya'ya huɗu ya bar miki. In kin ƙi, ni za a ba? Kamfani za ki yi wa kyauta. Mu ma muna da baki, ba mu tambaye ki makulli ba. Sa hannu, kada ki sa in yi miki faɗa a gaban mutane."

Na dubi Mai Labule. Bango take kallo, inda aka haska hoton ɗazu. Na karɓi biron na sa hannu.

Bayan wata uku aka rushe layin. Da safe aka fara, kafin azahar an gama. Baba ya koma wajen ɗansa ya daina aiki. Mai Gilas yana yawo da motarsa gida-gida. Sauran sun watse, wasu ban san inda suke ba.

Gurbin da aka ba ni a sabon ginin yana ƙasa, kusa da matakala, taku uku ne da taku huɗu. Ni ban iya gyaran keke ba. Da aka ba ni makullin, wajen Mai Labule na fara zuwa. Na same ta a tsakar gidan da take haya, ta kafa kekenta a ƙarƙashin rumfar kwano, tana ɗinka labule, rabinsa na jan ƙasa. Na ce ta zo ta sa kekenta a shagon, nata ne, ni sai in riƙa yi mata guga da naɗi.

Ta tsayar da keken. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sannan ta ce, "'Yar uwa, wallahi ba na fushi da ke. Na nemi fushin a raina ban samu ba. Amma ba zan iya zama ina kallonki daga safe har yamma ba."

Na ce na gane. Na shanye ruwan, na taya ta ɗage labulen daga ƙasa, na tafi.